Mawaƙan Majigi da Turmin Furata

Shekara wajen goma mutum biyu suna zuwa gidan da nake haya a unguwar Nima, a birnin Akra, kullum bayan azahar in ban da Juma'a, su zauna a kan benci kusa da murhuna, ni kuma duk tsawon lokacin nan na ɗauka furar banza ce take kawo su. Ɗaya yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗayan abokinsa ne, wanda unguwa ke kira Ɗan Saje don ubansa tsohon sajen 'yan sanda ne tun zamanin Turawa. Su biyun nan suka yi da yawa daga cikin waƙoƙin Hausa da ake ji a majigi a wancan zamani, daga baya kuma a talabijin. Ban san baƙi ba sai da na haura arba'in. Tunda yanzu biro yana zama a hannuna, zan rubuta yadda suke aikinsu, don a gabana aka yi, masu ba da labarinsu yau kuwa ji suka yi.

Yaya ɗan kamasho ne a tashar Tudu. Aikinsa kiran fasinja zuwa Kumasi da Tamale da Bawku, daga hantsi har muryarsa ta dushe. Bai yi boko ba. Amma in ya buɗe baki magana jeruwa take yi da kanta, har mutumin da ba shi da niyyar tafiya yakan tsaya ya saurara. Ɗan Saje kuwa a bariki ya tashi, can ya koyi busa da kaɗa gita, ya kuma iya karanta rubutun kiɗa, ɗigo-ɗigon nan masu wutsiya da ake jerawa a kan layi biyar. Hausarsa rabi yaren Ga ne na mutanen Akra, sauran rabin ma da Turanci a ciki. Ka ce ya haɗa baiti ɗaya, sai ya jiƙe da gumi. Ka miƙa wa Yaya gita, sai ya riƙe ta kamar an ba shi jaririn da ba nasa ba.

Kafin a sami mulkin kai, masu majigi suna yawo da mota unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye, su kafa farin ƙyalle su nuna yadda ake tafasa ruwan sha, da yadda ake kai yaro allura, da haƙa masai. Suna neman waƙar Hausa saboda mutanen arewa da mu na zango. Wani Bafante, wato ɗan ƙabilar Fante, mai gilashi a ido, wanda aikinsa yanka fim da liƙawa, ya san Ɗan Saje a wajen kiɗa. Shi ya ji Yaya yana kiran fasinja wata rana, ya tsaya har mota biyu suka cika, sannan ya ce a haɗa su.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne awo. Mu mun san mawaƙi yana waƙa har sai wanda ake yi wa ya motsa hannu. Nan kuwa takarda Bafanten yake bayarwa: wannan wuri sakan arba'in, wancan minti ɗaya da sakan goma. In hoto ya ƙare, dole waƙa ta ƙare, ko da tana tsakiyar daɗi. Na tambayi Yaya yadda mutum zai auna magana kamar yadi. Ya ce in ji da gerona.

Ban bar tambaya ba. Na ce to muryar, a ina take zama, tunda motar majigin tana Tamale shi yana Tudu? Ɗan Saje ya gaji da ni, ya kawo mini guntun fim da aka yar, tsawon hannu. Ya ɗaga shi a rana, ya nuna mini wani siririn layi a gefe mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar sawun tsutsa, ya ce yayanki ke nan. Na kara a kunne. Shiru. Matan gidan suka yi mini dariya har kwana uku, amma da daddare kowacce sai da ta zo ta kara a nata kunnen.

Ga yadda suke yi. Ɗan Saje ne ke fara zuwa da takarda. Yaya, da yake a Maamobi yake zaune, ya tsallako katakon da aka gitta a kan babbar kwatar da ta raba Maamobi da Nima, ya zo ya zauna. Ɗan Saje ya ba shi labarin hoton: mace ta ɗebo ruwa, ta ɗora a wuta, ya tafasa, ta sauke. Ba sa fara komai sai na kwashe dafaffen curin fura na zuba a turmi na ɗaga taɓarya. In na yi jinkiri, Yaya ya ce, "Auta, yau ba a kirɓi ne?"

In ce, "In yunwa ce ka faɗa, ba sai ka kewaya ba."

Da na fara, sai ya rufe ido, babban yatsansa yana bin gaɓoɓin sauran yatsu, bakinsa yana motsi. Ɗan Saje yana taɓa gita a hankali yana ɗiga biro a takarda. Daga nan sai gardama.

"Cire kalma ɗaya."

"Wacce?"

"Ko wacce. Ta yi yawa."

"Kai ma cire tsirkiya ɗaya a gitarka mu ji."

"Alhaji, kalmar nan ba ta da wurin zama."

"Ban je Makka ba, kada ka yi mini daɗin baki. Ka matsa mata ta zauna."

Wata rana akuyar maƙwabta ta sa baki a garina, na ajiye taɓarya na bi ta da muciya. Da na waiwayo sai na ga su biyun sun ɗago kai suna kallona kamar na mare su. Na lura, na yi mamaki, na ce a raina maza in suna jin yunwa haka suke.

Na ga aikinsu a ƙyalle ranar da motar majigi ta zo filin unguwarmu bayan magariba. Matar cikin hoton tana ajiye tukunya ƙasa, muryar Yaya tana ajiye kalmar ƙarshe, kamar hannu ɗaya ne ya sauke su. Bafanten yakan ce bai taɓa sa almakashi a waƙarsu ba. Mawaƙan sauran yaruka sai an datse musu, su kuwa kullum daidai. An tambaye su sirrin, suka ce baiwa ce.

Da aka kawo talabijin, Bafanten ya koma can. Aka shirya wani shiri na Hausa mako-mako, hira da ɗan wasan kwaikwayo, ana neman waƙar buɗe shi, minti ɗaya cif, a kan hotunan kasuwa da motoci da masallaci. Aka ce duk wanda ya yi ta, za a ɗauke shi aiki na dindindin, ya riƙa yin kiɗan wasannin, a kuma rubuta sunansa a gilashin talabijin. Ga Yaya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shekara ashirin yana ihu a rana a Tudu, maƙogwaronsa ya fara ciwo. Har ya kai wa tela yadi a New Town an yanka masa riga.

Suka yi mako biyu a kan bencina suna haɗa ta. Ta yi daɗi ƙwarai. Yaya ya jero zangunan Akra ɗaya bayan ɗaya, kowanne da abin da aka san shi da shi, Ɗan Saje ya ce waƙar ta fito da nauyi irin na manya, ta dace da talabijin.

Suka je gwaji, waƙa ta wuce hoto. Hoto ya ƙare, gilashi ya yi baƙi, Yaya yana nan yana yi. Aka ce su ƙara sauri. Da suka ƙara, kalmomi suka hau kan juna, harshen Yaya ya harɗe, mutumin da bai taɓa tuntuɓe a magana ba. Suka dawo bencina suka sake gyarawa, suka koma, haka. Karo na uku ma haka. Mai kula da shirin, wani matashi da ya yi karatu a waje, ya karɓi takardar Ɗan Saje ya ƙirga bugun kiɗan, ya samu sittin daidai. Ya ce takarda ba ta da laifi, mai baki ne ya cika surutu. Ya ce ranar Litinin za a yi gwajin ƙarshe. In ba ta zauna ba, za a ɗauki Ɗan Saje shi kaɗai, a nemo malamin makaranta ya rubuta kalmomi, wani ya rera.

Yaya ya daina zuwa. Kwana huɗu ba wanda ya tambaye ni kirɓi.

Ranar Alhamis sai ga Ɗan Saje shi kaɗai, ba gita, abin da bai taɓa yi ba. Ya gaishe ni, ya zauna. Da na ɗaga taɓarya sai ya zaro wani agogo daga aljihu, irin wanda ake dannawa ya fara a danna ya tsaya, na Bafanten ne ya aro. Yana kallon agogo yana motsa leɓe. Ya danna, ya girgiza kai, ya sake.

Na tsaya. Na ce, "Ɗan Saje, me kake ƙirgawa a jikina?"

"Ci gaba, Auta, don Allah."

"Ba zan ci gaba ba. Matar aure ce ni. Ka zo ka zauna kana auna ni da agogo, ka ce in ci gaba?"

Ya share goshi. A nan ya gaya mini abin da suka ɓoye shekara goma. Tun aikinsu na farko Yaya ya kasa gane sakan. Agogon hannun Ɗan Saje ba shi da siririyar allurar nan mai gudu, kuma ko da yana da ita, Yaya ba ya iya haɗa magana yana kallon abu, sai yana jin bugu. Suna zaune a nan suna cikin damuwa ina kirɓi, Ɗan Saje ya ji bugun bai canzawa. Ya aro agogon nan ya auna a ɓoye, ya samu duk saukar taɓaryata sakan ɗaya ce, ba ragi ba ƙari. Daga ranar, in takarda ta ce arba'in, Yaya ya ƙirga bugu arba'in a gaɓoɓin yatsunsa ya cika su da magana. Su maimaita har saurin ya zauna a jikinsu, su tafi da shi.

Na ce, "Wato ni ce agogonku."

"Ke ce."

"Shekara goma. Kuka ce wa mutane baiwa ce."

"Mun ji tsoron in kin sani za ki riƙa lura da hannunki, ya lalace."

"Kuma kuna shan furata a kai."

Ya juyo mini da fuskar agogon kamar zan iya karantawa, ya ce bugu sittin na yau ya ci minti ɗaya da sakan kusan goma sha biyar. Hannuna ya yi sanyi. A hankali ya yi, shi ya sa kunnensu bai kama ba, suna bina ina saukowa. Tunda tsakanin bugu da bugu ya yi faɗi, Yaya ya cusa kalmomi fiye da yadda sakan zai ɗauka. Harshensa lafiya lau. Kayan ne suka fi motar.

Fushina ya ɗan tsaya, don abin ya ba ni sha'awa. Na kalli hannun nan nawa kamar na wata. Ban taɓa sanin yana da lissafi ba.

Ya ce, "Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau."

Ya dube ni sau ɗaya, duban mai 'ya'ya huɗu, ya kawar da kai wajen kwata. Ya ce, "To."

Ciki ne da ni, wata biyar. Bayan 'yata ta fari na yi ɓari sau biyu, duka biyun bayan magana ta fita, don haka na sa a raina baki ne ya ci su. Wannan karon daga ni sai maigidana muka sani. Ina ɗaura zane sama, ina yafa mayafi ko a tsakar gida. Ko ba don tsoron baki ba, a wajenmu mace ba ta faɗin wannan. Mutane su gani su yi shiru. Yayanta namiji kuwa ba ya ji daga bakinta har abada, sai dai a kai masa goron suna.

Ɗan Saje ya tafi Maamobi ya gaya wa Yaya cewa taɓarya ce ta canza. Da la'asar ya dawo fuska a murtuke. Yaya ya ce masa kada ya yi masa ta'aziyya da rai. Hannun Auta shekara goma bai canza ba, da zazzaɓi da azumi da komai, sai yau? Shi ya san harshensa ne ya tsufa. Ba zai koma ranar Litinin yara su sake yi masa kallon tausayi ba. Ya ce Ɗan Saje ya je ya karɓi aikinsa.

Na ce, "Ka gaya masa dalili?"

"Ni in gaya wa mutum abin da na gani a jikin ƙanwarsa? Da wane baki?"

"In bai je ba, za ka karɓa kai kaɗai?"

Ya ce, "Ina da 'ya'ya huɗu, Auta. Ban ce zan karɓa ba. Ban ce ba zan karɓa ba."

Na fi son wannan amsar da a ce ya yi mini rantsuwa.

Juma'a na yini ina juya abin. Na yi tunanin aika matar Yaya, amma in ta sani Maamobi ta sani kafin sallar isha. Maigidana kuwa in ya ga Yaya har yau durƙusawa yake, ba zai iya ba. Asabar da safe na bar gero a jiƙe na hau torotoro, motar haya, zuwa Tudu.

Na same shi tsaye a gindin motar Tamale, yana kira, amma kira kawai, ba jerin maganar nan. Da ya gan ni ya firgita, don ban taɓa zuwa wajen aikinsa ba.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Zo gefe."

Muka koma bayan motar inda masu dako suka jibge buhunan goro. Ya ce, "In Ɗan Saje ne ya turo ki, koma."

"Ba wanda ke turo ni. Yaya, hannuna ya yi sanyi, an auna a gabana."

"Ke ma kin shiga cikin masu lallashi."

"Yaushe ka taɓa ganin na lallashi mutum?"

"To me zai sanyaya shi? Ke da ko zazzaɓi ba ya taɓa miki kirɓi."

Na duba hagu da dama. Na ce, "Ciki ne da ni. Wata biyar."

Ya sunkuyar da kai yana kallon tayar mota, ya daɗe yana kallonta kamar za a tambaye shi kuɗinta. Kunnuwansa har rawa suke. Ya ce, "Wa ya tambaye ki?"

"Kai. Yanzu."

Na ga babban yatsansa ya fara bin gaɓoɓi, a hankali, sannan da ɗan sauri. Ya ce, kamar da kansa yake, "Shi ya sa kalmomin suke samun wuri." Can sai ya ɗago, bai dai kalle ni ba. "Kuma a haka kike ɗaga taɓarya kullum, mu muna zaune muna ƙirgawa?"

"Ai baiwa ce."

Bai yi dariya ba. Ya kira wani direban da ya sani, ya sa ni a gaban mota, ya ce a kai ni har ƙofar gida, a kuma bi da ni a hankali.

Da azahar matarsa ta tsallako, ta ce an ce ta zo ta yi mini kirɓi, ba a gaya mata dalili ba. Ta dube ni, ta gane, ta yi shiru, kuma Allah ya saka mata, shirun ya ɗore. Bayanta sai ga su biyun. Suka gwada bin taɓaryarta, ba ta biyu ba, tana bugu uku ta tsaya ta ba da labari. Ɗan Saje ya sa agogon aro a gwiwa, ya ɗauki ƙusa da kwalba yana bugawa. Yaya ya ce kwalba ba ta numfashi, shi ba zai iya ba. Ya iya. Asabar da Lahadi suna yanka. Duk kalmar da za ta fita sai an yi shari'a a kanta. A ƙarshe baiti guda ne ya rage ba shi da wuri, dole unguwa ɗaya ta fita daga jerin. Yaya ya ce in ya cire ta wani za a ce ƙiyayya ce, sai ya cire Maamobi, inda yake kwana. Mutanen Maamobi sun riƙe shi da wannan har ya tsufa.

Litinin ban je ba, ba a kai mata. Da suka dawo ba su faɗi yadda aka yi ba, Yaya dai ya ce a dama masa fura mai yawa, ya kuma ajiye kuɗinta a kan faifai. Na mayar masa, ya sake ajiyewa.

Ranar da aka fara nuna shirin, muka tafi New Town wajen wani Bayarabe mai shago da ya sa akwatin talabijin a taga. Cikina ya riga ya fito, ba sauran ɓoyo. Yarinyar da nake ɗauke da ita ta zo lafiya daga baya, ita ce ma ta riƙa duba mini aikin gida da na shiga ajin manya. Mutane sun cika titi. Aka nuna kasuwa, aka nuna motoci, muryar Yaya tana fita daga akwatin tana kiran zanguna. Ina ƙirgawa a raina ba tare da na yi niyya ba. A na sittin hoton masallaci ya ɗauke, ita ma ta ɗauke.

Da shirin ya ƙare sai rubutu ya riƙa hawowa fari-fari. Ban iya karanta ko harafi ba. Na kama hannun rigar mai shagon na ce ya nuna mini wajen masu waƙa. Ya ɗora yatsa a gilashin taga. Layi biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Na ce ya karanta, ya karanta na sama, Ɗan Saje. Ya karanta na ƙasa, ya lauya shi da harshensu, amma sunan da babanmu ya raɗa ne.

Na juya ina neman Yaya. Yana can baya cikin sabuwar rigarsa, ya juya wa akwatin gefe kamar wucewa yake yi. Na kutsa na ce, "An karanta sunanka."

Ya ce, "Na ji. Wuce gida, tsayuwar ta isa haka."